Tsinken Da Ya Koma Kore A Magama

Inna Sa'adiyya ba mai ɗaga murya ba ce. Ko ranar da ta kashe maganar auren autarta Na'ima da Zunnuraini, tana zaune ne a gindin darbejiyar tsakar gida tana tsintar wake, ta faɗi abin a hankali kamar mai cewa gishiri ya ƙare.

"Na yi jinyar ƙoda sau guda, Auta. Ba ni zuba ido ke ma ki yi ta."

Na'ima tana durƙushe a gefen tabarma, ko hijabin aikinta ba ta cire ba. Ta ce gwaji ɗaya ne fa, kuma an sake wani a Katsina ba a ga komai ba. Inna ta ce haka aka yi ta gaya wa marigayi mijinta, yau an gani, gobe ba a gani ba, har ranar da aka ce sai wankin ƙoda. Ta ƙara da cewa mutanen Faruk za su zo neman aurenta ranar Lahadi bayan la'asar, Baffa ya riga ya ba su rana.

Daga nan ta koma kan tsintar wakenta a cikin faifai.

Allah sarki. Wanda bai san gidan ba zai ce Inna taurin zuciya gare ta, amma duk wanda ya ga yadda Malam Uwaisu, mahaifin Na'ima, ya ƙare, ba zai ga laifinta ba. Ƙaƙƙarfan mutum ne mai fataucin albasa tsakanin Jibiya da Maraɗi, ciwo ya zo ya zaunar da shi shekaru. Inna ce ke rungumar sa a mota zuwa Katsina wankin ƙoda, ta wuni a kan benci tana kallon jininsa yana fita ta cikin roba, ya shiga inji, ya dawo. Gonar Bugaje ta tafi, shanu suka bi ta, daga ƙarshe shi ma ya tafi.

Shi ya sa da aka ce wasu likitoci sun zo daga wani asibitin koyarwa za su yi bincike kan ciwon ƙoda a tsakanin direbobi da 'yan dako na bakin boda, Na'ima ce ta fara zuwa ta ce a ɗauke ta aikin taimako, tunda ta yi makarantar koyon aikin lafiya. Shugabar tawagar, Likita Prisila, wata doguwar mata ce 'yar kudancin Kaduna, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ta tara su ta ce ƙoda tamkar rariya ce, tana tace jini, ta zubar da datti ta riƙe mai amfani. In ta fara lalacewa ba ta zafi, ba ta zazzaɓi, sai dai mai amfanin ya riƙa zurarewa cikin fitsari, mutum bai sani ba. So suke su gano yawan waɗanda ke yawo da ita haka a Magama, garinsu na bakin boda, da kuma abin da ke jawo ta, ko hawan jini ne, ko suga, ko wuni a rana cikin layin boda ba shan ruwa, ko haɗin maganin gajiyar nan da ake saye a faranti a kora da shayi.

To, kun dai san halin mutanenmu. Kafin a gama kafa rumfa a tasha, magana ta zaga cewa fitsarin mutane za a kwasa a kai Turai. Wasu suka ce dabarar hana haihuwa ce aka sauya wa riga. Ba wanda ya matso.

Sai da Baffa Ɗanladi, wan mahaifin Na'ima kuma shugaban direbobin tashar, ya miƙe ya ce ciwon nan ya ɗauke masa ƙane, shi zai fara, wanda ke jin maganarsa ya biyo shi. Aka kuwa biyo shi, layi har bakin teburin mai shayi.

Aikin ba wuya. A ɗaura wa mutum abin awon jini a damtse, a ba shi 'yar kwalba mai sunansa, ya zagaya bayan bango, ya dawo ya ajiye a tebur. Na'ima ce mai tsoma tsinken gwaji, wani siririn abu mai ɗigon launi a jikinsa. In ɗigon ya tsaya rawaya, lafiya lau. In ya koma kore, ƙoda na yoyo.

Na Baffa ya tsaya rawaya. Aka yi ta yi masa barka, duk da awon jininsa ya hau sosai, har Likita ta ja masa kunne a kan gishiri da dunƙulen miya.

Zunnuraini ne a bayansa, direban ƙaramar motar fasinja ta Jibiya zuwa Maraɗi, yaro mai barkwanci wanda ba ya kiranta da komai sai Likitar Magama. Iyayensa sun riga sun kawo gaisuwa an karɓa. Ranar ko fuskarta bai kalla ba, ya dire kwalbar ya kau da kai. Ita ta ɗauka kunya ce, a ce saurayi ya miƙa wa budurwarsa fitsarinsa a bainar jama'a. Har murmushi take ɓoyewa lokacin da ta tsoma tsinken.

Ɗigon ya koma kore, kore shar.

Da a ce Na'ima ta iya ɓoye abin da ke ranta, da ba a kai nan ba. Tsinken ya suɓuce mata, hawaye suka zubo a gaban layi. Likita Prisila ta yi maza ta ja Zunnuraini gefe, washegari kuma ta sa aka kewaye teburin da labule, amma ina, tasha ta riga ta gani. Kafin magariba mai kawo wa Inna nono ta shigo da jaje.

Shi kuwa Faruk, ejan ɗin fiton kaya a boda, wanda ya daɗe yana aiko da turare ana mayar masa, bai ɓata lokaci ba. A gaskiya ba mugun mutum ba ne. Ƙofa ya gani a buɗe, ya shiga.

* * *

Ran Alhamis da safe Na'ima ta ce bari ta je wurin Baffa. Shi ne waliyyinta, shi ya riƙe su tun rasuwar mahaifinta, sashensa da nasu katanga ce kawai a tsakani. Kuma ya san Zunnuraini tun yana karen mota. Da bakinsa ya taɓa cewa duk tasha babu yaro mai amana kamarsa.

Ta same shi a kujerar roba a ƙofar ɗakinsa, rediyo a gefe. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta sunkuyar da kai yadda ɗiya ke yi a gaban uba. Ta roƙe shi ya sa baki a jira wata ukun da Likita ta ce za a sake gwaji, tunda ba a kiran ciwon da sunansa sai an gan shi ya zauna.

Baffa, mutumin da murya ɗaya yake yi rigimar tasha ta kwanta, sai ga shi yana kame-kame. Ya ce uwa ta fi kowa sanin zafin abin. Ya ce Faruk ma ɗan mutunci ne. Ya ce aure nufin Allah ne. Duk wannan yana faɗa ne yana kallon katanga.

Ita kuwa da yake kanta a sunkuye yake, babu abin da ke gabanta sai ƙafafunsa.

Sun cika sun yi suntum, idon sawu ya ɓace. Takalmin fatar da ya saba sawa an yanke masa maɗauri an yi masa ƙari, duk da haka ya nutse cikin nama. Ta ɗago ido a sace. Ƙasan idanunsa ya tasa kamar na wanda ya sha kuka.

Ta san irin waɗannan ƙafafun, ta sha gasa su da ruwan ɗumi a wancan sashen.

Amma ai na Baffa rawaya ya nuna, kuma da hannunta ta tsoma.

Da ta isa rumfa ta tambayi Likita Prisila, ba tare da ta kama suna ba, ko mutum zai kumbura haka alhali fitsarinsa fes. Likita ta ce yana yiwuwa, kumburi kan zo daga zuciya ko hanta, amma ita in ta ga haka ba ta yarda da tsinke ɗaya, sai ta sake, kuma sai ta tabbata kwalbar ta mai ita ce. Ta yi 'yar dariya ta ce mutane sun fi tsoron sakamako a kan ciwon kansa. A wani gari ruwan shayi aka taɓa kawo musu, wani dattijo kuma na ɗansa ya kawo.

Na'ima ba ta yi dariya ba. Tunani take yi, ranar nan wa da wa suka zagaya bayan bango a lokaci guda.

* * *

Ta nemi izini ta taka zuwa shingen boda. Rana ta take, kwalta sai huci take yi. Manyan motoci sun yi jerin gwano, masu canjin sefa suna bin fasinjoji, 'yan kabu-kabu suna kutsawa ta ko'ina. Motar Zunnuraini na cikin layi tana jiran 'yan kwastan, fasinjojinsa sun sauka neman inuwa. Shi kaɗai ne a jikinta, yana goge gilashi da tsumma. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Likitar Magama," in ji shi, yana ƙoƙarin murmushi. "Yau kuma mi za a auna? In da abin awon zuciya kika zo, ita ce ba lahiya."

Ta ce masa ranar Lahadi za su zo. Ya ce ya ji, tasha ba ta bar shi bai ji ba. Ya ce ya je Katsina an ɗibi jininsa, an sake duba fitsarin, an ce ba komai, to me kuma ya rage? In Kano ake so ya je, gobe ma sai ya ajiye mota ya tafi.

"Ba Kano nake so ka je ba, Yaya Zunnu. Rantsuwa nake so."

"Ta mi?"

"Ka rantse da Allah abin da ke cikin kwalbar nan naka ne."

Tsumman ya tsaya a hannunsa. Wata tirela ta danna oda a bayansu, bai ko waiwaya ba. Can ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge.

"Na'ima, ki bar wannan magana."

"Ka rantse in juya in tafi. Ba zan ƙara tambayarka ba har abada."

"Yanzu ni da girmana in tsaya bakin boda ina rantsuwa a kan fitsari?"

"Kai da kake rantse wa fasinja cewa saura mutum ɗaya mota ta tashi, alhali ba kowa a ciki? Yau ce rantsuwa ta yi maka nauyi?"

Ya so ya yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa. Ya zauna a kan bambar mota, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya daɗe yana juya ta.

"Akwai abin da in babba ya roƙe ka, ba ka da bakin cewa a'a," ya ce a hankali. "In kuma ka ce to, ba ka da bakin faɗi. Iyakar abin da za ki ji daga gare ni ke nan."

Hawayen da take riƙewa tun safe suka ɓalle. Ta ja bakin hijabi ta rufe fuska don masu wucewa, tana magana murya na rawa. Ta ce ashe yana ji yana gani ake kiransa mai ciwo a tasha, fasinjoji na gudun motarsa wai kada ya faɗi a kan sitiyari, yana ji yana gani za a ba wani ita, duk ya yi shiru? Ashe son da yake cewa yana yi mata bai kai nauyin kalma ɗaya ba?

Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Kullum na tashi sai in ce yau zai yi magana. In gaishe shi, shi kau da kai. In na buɗe baki na kunyata shi, da wane ido zan shiga gidanku? A hannun wa zan karɓe ki? In na yi shiru na rasa ki, in na yi magana na rasa ki. To gara in rasa ki ban ci amanar kowa ba."

"Amanar nan taka kashe shi za ta yi."

Ya dube ta kamar bai fahimta ba. Sai ta gaya masa abin da ta gani da safe, ƙafafun da idanun. Ta ce mutum yana yawo an ce masa lafiyarsa lau, yana ci gaba da haɗiyar maganin gajiya, alhali duk makon da ya wuce ba magani ƙara matsar da shi yake yi kusa da injin wanki. Ta ce wannan ba rufin asiri ba ne.

Zunnuraini ya dafe kai. Ya ce shi wallahi bai san abin ya kai haka ba. Sau ɗaya ya taɓa cewa ko za su leƙa Katsina tare, aka daka masa tsawar da bai ƙara ba.

Ɗan kwastan ya ɗaga hannu, layi ya motsa, fasinjoji suka fara tururuwar shiga. Wata tsohuwa 'yar Maraɗi tana ta mita cewa in suka yi yamma 'yan duwan, wato kwastan ɗin Nijar, za su tsare su a Ɗan Isa. Ya sa hularsa, ya buɗe ƙofa, sannan ya juyo.

"Ki yi abin da Allah ya nuna miki. Amma don Allah ba a tasha ba, ba a gaban mutane ba. Babban mutum ne, Na'ima."

Ta tsaya a rana tana kallon motar har ta wuce shinge ta shiga ƙasar Nijar.

* * *

Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce, ba ta iya ba. In ta doshi sashen Baffa sai ta tarar da baƙi, in ba baƙi kuma sai ƙafarta ta ƙi shiga. Ku da kanku ku duba, ta yaya ɗiya za ta kalli wanda ya maye mata gurbin uba ta ce masa ya yi ƙarya? In ya fusata ya rantse cewa ba zai ba Zunnuraini ba, wa ya isa ya warware?

Lahadi ta zo, ranar kasuwar Jibiya, gari ya cika. An share zaure an shimfiɗa sababbin tabarmi. Inna na bakin murhu tana suyar waina, fuskarta ba yabo ba fallasa. Bayan azahar Na'ima ta yi alwala, ta yi raka'a biyu, ta nufi ɗakin Baffa ta yi sallama.

Yana zaune a bakin gado cikin babbar riga, takalmansa na fita unguwa a gabansa, ya sa ƙafa ɗaya ta ƙi shiga. Da ya gan ta ya ja rigar ya rufe.

"In maganar nan ce, ɗiyata, an gama ta."

"Ba ita ba ce, Baffa. Maganar ƙafarka ce."

Ya ce zama ne ya yi masa yawa, kuma zafin bana ba na wasa ba ne. Ta ce haka Babanta ya ce. Ana jiyo ƙarar mai a tandar Inna.

"Baffa, ka yi mini gafara. Kwalbar da na tsoma wa tsinke da sunanka, ba taka ba ce."

Ya zabura kamar zai miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Shi ya faɗa miki? Yaron da na ɗauka ɗa?"

"Bai kama sunan kowa ba. Na sa shi rantsuwa ya ƙi, na yi kuka a gabansa ya ƙi. Ya zaɓi a ba wani ni da ya buɗe baki. Ranar Alhamis da na durƙusa a gabanka na gani da idona."

Ya ce ita yarinya ce, karatun ɗan lokaci ya sa tana ganin ciwo a jikin kowa. Ta ce to ya ba ta izini ta taɓa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ta matsa da gwiwa, ta ɗage bakin wandonsa kaɗan, ta danna babban yatsanta a kan ƙwaurinsa, ta riƙe, ta saki.

Wurin ya lotsa, ya zauna a lotse, kamar an danna tuwo mai sanyi.

Su biyun suka zuba wa ramin ido. Bai cike ba.

Baffa Ɗanladi ya san wannan ramin. Shi ne ya riƙa ɗaga ƙanensa daga gado zuwa mota. Kafaɗunsa suka sauka, ya sa hannun babbar riga ya share fuska, da ya yi magana kuma muryar ba ta shugaban tasha ba ce.

Ya ce tun damina yake ganin kumfa in ya zagaya, irin wadda Uwaisu ya riƙa gani. Ya ce ranar gwajin ya miƙe ne don kada mutanensa su ƙi abin da zai amfane su, amma da aka miƙo masa kwalba sai tsoro ya kama shi. Ya ga bencin Katsina, ya ga injin, ya ga yara na raɗa a tasha cewa shugaba ya ƙare. A bayan bango ya ga yaron, ya ce masa ɗana, rufa mini asiri, ka cika tawa in cika taka. Yaron ya sunkuyar da kai ya karɓa. Ya ce shi a tunaninsa za a sake gwada yaron a ga ba komai, magana ta mutu. Bai taɓa zaton za ta kai ga aure ba. Da ta kai kuma, kullum sai ya ce gobe zai faɗa.

"Na tsorata ne, Na'ima. Gemu fari, na tsorata kamar yaro."

Tana kuka ta ce masa ba kowane ciwon ƙoda ke kai wa ga wanki ba. Likita ta ce in aka tare shi da wuri, aka sauko da hawan jini, aka bar maganin faranti, ana iya rage masa gudu shekaru. Ba za ta yi masa alkawarin abin da ba ta sani ba, sai an ɗibi jini, amma zama a ɗaki ba zai mayar da ƙafar nan cikin takalmi ba.

Ya sake duban ramin da ke ƙwaurinsa. Sannan ya ce ta kira masa uwarta.

Inna ta shigo tana goge hannu da gefen zane, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Ga ni, Yaya."

"Sa'adiyya, yaron nan lahiyarshi lau. Abin da aka gani ranar nan, nawa ne."

Inna ba ta yi ihu ba. Ta dafa ƙyaure, ta sulale a hankali har ta zauna a dokin ƙofa. Idonta ya sauka kan ƙafarsa, ta yi salati can ƙasan maƙoshi. Ta tambaye shi tun yaushe, ya ce tun damina.

"Ka ga abin da ya yi wa ɗan'uwanka, Yaya, kuma ka yi shiru?"

"Don na gani ne na yi shiru."

A daidai nan aka yi sallama a zaure, muryoyin manya, da ƙarar rufe ƙofar mota. Mutanen Faruk sun iso tun kafin a kira la'asar.

Baffa ya dafa gado ya miƙe. Ya ture takalman fita unguwar gefe, ya zura silifas ɗin alwala. Ya ce shi ya ba su rana, shi zai ba su haƙuri, kuma ba zai ɗora wa kowa laifin ba sai kansa. Har ya kai ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ki aika wa yaron nan. Gobe shi kai ni Katsina, in bai yi hushi da ni ba."

Ya fita yana jan ƙafa.

Kuna tsammanin Na'ima ta yi murna? Ta dai lalubi murnar a ƙirjinta ba ta same ta ba. Abin da take roƙo dare da rana ya samu, ga shi kuma bencin Katsina yana neman dawowa gidan. Wainar da ke kan tanda ta fara ƙauri, ba wadda ta motsa.

Inna ce ta fara magana, tana kallon ƙasa.

"Wa da ƙane, ciki ɗaya. Ashe a gidanmu ciwon yake, ni ina can ina hangen na mutane." Ta ja numfashi. "In uwar Zunnuraini ta ji, Auta, ita ma tana da ikon ta ce ba ta so. Kuma ba ni da bakin ganin laifinta."

Wannan bai taɓa zuwa wa Na'ima a rai ba. Shi dai Zunnuraini ya san a danginta ciwon yake tun ranar da ɗigon ya koma kore, bai kuma ja da baya ba. Amma mahaifiyarsa fa, wadda aka yi makonni ana nuna ɗanta da baki a kasuwa saboda su?

Inna ta miƙo hannu ta jawo ƙafar ɗiyarta kan cinyarta kamar tana ƙarama. Ta ɗage zanen, ta danna yatsa a ƙwaurinta da ƙarfi, ta saki. Naman ya taso nan take. Ta sake dannawa a ɗaya ƙafar, ya taso. Duk da haka ba ta sake ta ba.

"Kin tsoma na duk tasha. Naki fa?"

Na'ima ta girgiza kai. Ba ta taɓa yi ba.

"Gobe ke ma ki shiga motar."

Daga zaure ana jiyo muryar Baffa ƙasa-ƙasa, sai wani dattijo ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Inna ta miƙe, ta je ta sauke tandar, ta shiga ɗaki ta fito da babban mayafinta na zuwa gaisuwa.

Na'ima ta tambaye ta ina za ta. A garin nan ba a taɓa jin uwar yarinya ta taka da ƙafarta zuwa gidan saurayi ba.

"Gidan su Zunnuraini. Ni na ɓata wa ɗanta suna, ni zan faɗa mata gaskiya, har da ta gidanmu, tun tasha ba ta riga ni ba. In ta kore ni, ta kore ni."

Ta yafa mayafin, ta bi ta ƙofar baya don kada ta ratsa baƙi. Na'ima ta bi ta har bakin lungu, ta tsaya riƙe da ƙyaure, tana kallon uwarta na tafiya cikin rana ba ta ko waiwaye.